Ingrid Bergman

Ingrid Bergman (1915–1982) jarumar fim ce 'yar ƙasar Suwidin wadda ta lashe kyautar Oscar har sau uku. An haife ta a Stockholm ranar 29 ga Agusta, 1915. Ta tashi marainiya: mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, mahaifinta, wanda mai ɗaukar hoto ne, ya bi bayanta tana da shekara goma sha uku. A 1937 ta auri Petter Lindström, likitan haƙori, suka haifi 'ya mace, Pia.

Furodusa David O. Selznick ne ya kai ta Amurka a 1939, bayan ya ga wasanta a fim ɗin Intermezzo. Ba ta daɗe ba ta yi suna. Ta fito tare da Humphrey Bogart a Casablanca (1942), ta karɓi Oscar na farko da Gaslight (1944). Ba ta cika kwalliya ba, kuma an ba ta matsayin matan kirki: 'yar zuhudun coci a The Bells of St. Mary's, sai Joan of Arc, jarumar Faransa da Katolika ke ɗauka waliyyiya, a 1948. Masu kallo suka riƙa yi mata kallon waliyyiya, suka manta cewa wasa take yi.

A 1948 ta rubuta wa darakta Roberto Rossellini na Italiya wasiƙa tana neman yin aiki da shi. Suna ɗaukar fim ɗin Stromboli a 1949 soyayya ta shiga tsakaninsu, alhali kowannensu yana da aure. Ta samu juna biyu, ta haifi ɗa namiji a Fabrairun 1950, tun aurenta da Lindström bai mutu ba.

Amurka ta yi ca a kanta. Ƙungiyoyin coci da na mata suka nemi a ƙaurace wa fina-finanta. A watan Maris na 1950, Sanata Edwin C. Johnson na jihar Colorado ya tashi a zauren majalisar dattawa ya kira ta babbar mai yaɗa sharri. Ba wanda zai ce abin da ta yi daidai ne, amma laifin na mutum biyu ne, kuma ita aka ɗora wa mafi yawan nauyinsa. Abin da ya fi ciwo shi ne rabuwa da Pia, wadda ta zauna a hannun uba a Amurka. Shekaru suka shuɗe uwa da 'ya ba su ga juna ba.

Ta auri Rossellini a 1950, ta haifa masa tagwaye, Isabella da Isotta, a 1952. Fina-finan da suka yi tare ba su yi kasuwa ba a lokacin, auren ma bai ɗore ba. Anastasia (1956) ne ya dawo da ita, ya kawo mata Oscar na biyu. Ba ta halarci bikin ba, jarumin fim Cary Grant ne ya karɓa a madadinta. A 1972 Sanata Charles Percy ya ba ta haƙuri a majalisar da aka ci mutuncinta.

Oscar na uku ya zo da Murder on the Orient Express (1974). Tana fama da cutar kansar mama ta fito a matsayin Golda Meir, tsohuwar firayim ministar Isra'ila, kuma shi ne aikinta na ƙarshe. Ta rasu a Landan ranar 29 ga Agusta, 1982, ranar da ta cika shekara 67.