Rawar Ƙananan Hukumomi wajen Ƙidayar Jama'a a Jihar Maraɗi

Ƙidayar jama'a da gidaje aiki ne na gwamnatin ƙasa, kuma a Jamhuriyar Nijar yana hannun Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, wadda aka kafa a shekarar 2004. Ita ce take tsara tambayoyi, ta yanka ƙasa zuwa ƙananan yankunan ƙidaya, ta horar da ma'aikata, sannan ta fitar da sakamako. Sai dai takardar shaidar da aka bai wa ma'aikaci daga Yamai ba ta isa ta sa magidanci ya shimfiɗa masa tabarma a zaure ya lissafa masa matansa da 'ya'yansa ba. Samun yardar jama'a, da yi wa ma'aikata iso unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, nauyi ne da yake kan ma'aikatun magadan gari da sarakunan gargajiya, kuma ingancin alƙaluman da ake samu ya dogara ƙwarai da yadda suka ɗauki wannan nauyi.

Ƙidayoyin da aka yi

Tun bayan samun 'yancin kai a 1960, an gudanar da babbar ƙidaya a shekarun 1977 da 1988 da 2001 da kuma 2012. Ta farko ta samu mutane miliyan 5 da 'yan kai, ta 2001 ta haura miliyan 11, ita kuwa ta Disambar 2012 ta nuna mutum 17,138,707. Daga cikinsu 3,402,094 a jihar Maraɗi suke, abin da ya sa ta zama ta biyu a yawan jama'a bayan jihar Damagaram, kuma mutum 267,249 ne aka ƙidaya a birnin Maraɗi kansa. Ke nan jihar da faɗinta bai fi kashi 3 da ɗoriya cikin 100 na ƙasar ba tana ɗauke da kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na 'yan Nijar.

Ƙidayar 2012 ta sha bamban da na baya ta fuskar mulki, domin sai a 2004 aka fara zaɓen kansiloli a dukan ƙananan hukumomin ƙasar. Ita ce ta farko da ta tarar da zaɓaɓɓun magadan gari har a karkara, maimakon jami'an da gwamnatin tsakiya take naɗawa kaɗai. Jihar tana da gundumomi takwas, su ne Agye, Bermo, Dakwaro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, baya ga birnin Maraɗi mai matsayi na musamman wanda aka raba gida uku. Gwamna yana jagorantar jiha, perefe yana riƙe da gunduma, ƙaramar hukuma kuma tana hannun magajin gari har zuwa 2024. A gefe guda kuma akwai sarauta, wadda dokar Nijar ta sanya cikin tsarin mulki, tun daga Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri, zuwa sarakunan kanto da na ƙungiyoyin makiyaya, har kan masu gari da masu unguwa.

Tsoron lanho

Babban abin da ƙaramar hukuma take fama da shi a lokacin ƙidaya ya samo asali ne daga tarihin kuɗin kai. A zamanin mulkin Faransa ana ƙirga mutane ne domin a san yawan lanho, wato kuɗin kai, da za a ɗora wa kowane gari, da yawan majiya ƙarfin da za a kwasa zuwa aikin tilas ko aikin soja, ana kuma ƙirga dabbobi domin jangali. Magidancin da ya ɓoye ɗa ɗaya ko biyu ya rage wa kansa nauyi, mai garin da ya rage yawan talakawansa kuma ya yi musu gata. Wannan ɗabi'a ba ta gushe da tafiyar Turawa ba, domin har yanzu ma'aikatar magajin gari tana da tata ƙidayar ta mulki, wadda da ita ake rubuta katin iyali a kuma tsara harajin ƙaramar hukuma, kuma ta hannun masu gari da masu unguwa ake karɓar kuɗin.

Saboda haka bakin da ya saba kiran mutane su biya haraji shi ne ake so ya gamsar da su cewa wannan ƙidayar ba ta haraji ba ce. Dokar ƙididdiga ta tanadi sirranta bayanan da mutum ya bayar, ta kuma hana amfani da su wajen ɗora haraji ko tuhumar wani, amma doka a rubuce ba ta kwantar da hankalin manomin da bai taɓa ganinta ba. Abin da ya fi tasiri shi ne a bambanta ayyukan biyu a zahiri: kada a haɗa fitar masu ƙidaya da zagayen karɓar haraji, kada mai karɓar kuɗi ya zama ɗan rakiya, kuma mai gari ya fara miƙa nasa gidan a ƙidaya a gaban jama'a. Magajin garin da ya yi sakaci da wannan, komai yawan tarukan da ya kira, jama'arsa za su fito a takarda ƙasa da yadda suke.

Yadda ake kai saƙo

Aikin ƙaramar hukuma yana farawa tun kafin ranar ƙidaya, lokacin da masu zanen taswira suke bin gari-gari suna rubuta sunayen ƙauyuka da tungaye da rugage. Masu gari ne suke nuna iyakoki, su kuma tuna da 'yan gidajen gona da suke nesa da hanya, waɗanda baƙo zai wuce bai san da su ba. Daga irin wannan aiki na 2012 INS ta fitar da kundin sunayen garuruwan ƙasa da yawan mazauna kowanne. Idan lokaci ya ƙarato sai a kafa kwamitoci a matakin jiha da gunduma da ƙaramar hukuma, a shigar da sarakuna da limamai da shugabannin mata da na matasa.

Hanyoyin shela tsofaffi ne da sababbi a haɗe. Sankira yana zaga unguwa da maraice, liman yana tunatarwa bayan sallar Juma'a, ana kuma amfani da ranakun kasuwa, kamar Litinin da Juma'a a birnin Maraɗi, inda mutanen ƙauyukan kewaye suke taruwa su koma gida da labari. Gidajen rediyo, daga Muryar Sahel ta gwamnati zuwa masu zaman kansu irin su Anfani da ƙananan rediyoyin karkara, suna watsa bayani da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Ban da shela, ma'aikatar magajin gari takan ba da ɗakin horarwa da wurin ajiye kayan aiki, mai gari kuma ya saukar da ma'aikacin da aka turo daga nesa.

A ƙofar gida

Ma'aikaci yakan rubuta lamba a jikin ƙofa ko katanga, sannan ya tantance iyalai nawa ne a cikin gidan, domin abin da ake ƙirgawa a matsayin iyali shi ne mutanen da suke ci daga tukunya ɗaya ƙarƙashin magidanci ɗaya, kuma babban gida na gandu yana iya ƙunsar irinsu da dama. A gidan da ake kulle ba ya wuce zaure, alhali akwai tambayoyi game da haihuwa da 'ya'yan da suka rasu waɗanda uwa ce kaɗai ta san amsarsu daidai. Shi ya sa ɗaukar mata cikin ma'aikata, ko samun dattijuwar unguwa da za ta shiga ta fito, yake da muhimmanci. Kunya ma tana da nata tasiri, tunda mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, wasu iyayen kuma suna ƙyamar ƙirga 'ya'ya don tsoron baki. Jariran da ba a yi sunansu ba, da 'yan riƙo, da almajiran da suke kwana a makarantun allo, su ne suka fi saurin kuɓucewa daga lissafi.

Shekarun haihuwa wata matsala ce, domin dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma idan aka tambaye su sai su ce arba'in ko hamsin. A nan sanin gari yake aiki: ana ƙiyasta shekarun mutum ta hanyar abubuwan da kowa yake tunawa, kamar ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 da ta sa aka tayar da tsohon gari zuwa tudu, ko hawan Seyni Kountché mulki a 1974, ko yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, ko naɗin wani sarki.

Masu tafiya

Arewacin jihar, wajen Bermo da Dakwaro, ƙasar kiwo ce, kuma Fulani da Buzaye da suke can ba su bin iyakar ƙaramar hukuma. Sau da yawa makiyayi yana rubuce a littafin sarkin ƙungiyarsa da yake zaune a wani wuri, alhali shi yana kiwo a ƙasar wata hukumar dabam, sai a same shi ta hanyar arɗo ko a bakin rijiya. Ci-rani ma yana rikita lissafi, domin da zarar an gama girbi samari sukan tafi Katsina da Kano da sauran birane ta iyakar Ɗan Isa, iyalansu kuwa ba su san ko za su ambace su ba. Ƙa'idar ita ce wanda tafiyarsa ba ta kai wata shida ba ana rubuta shi a matsayin ɗan gida da ba ya nan, kuma wajibi ne a yi wa jama'a bayanin wannan tun a shela. Tun daga 2019 kuma dubban mutanen da suka tsere wa 'yan bindiga daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun sauka a gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa, aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau, sauran suka bazu cikin gidajen 'yan uwa, inda mai gari ne kawai ya san baƙo ya san ɗan gida.

Amfani da kuma haɗarin ƙari

Ƙaramar hukuma tana da nata muradi a cikin sakamakon. Kafin juyin mulkin 2023, yawan kujerun kansiloli ya danganta da yawan jama'a, haka rabon kujerun majalisar dokoki tsakanin jihohi, kuma da waɗannan alƙaluma ake rubuta tsarin raya ƙaramar hukuma, a zaɓi inda za a gina aji ko asibiti ko a haƙa rijiyar burtsatse, a kuma lissafa allurar rigakafi da abincin agaji a shekarar fari. Wannan muradi yana zaburar da shugabanni, amma yana iya tura su ga kumbura adadi, ko ya sa masu gari biyu su yi jayayya kan tunga ɗaya, kowa yana so a rubuta ta a ƙarƙashinsa. Don haka ake taƙaita aikin hukuma da sarauta ga shela da rakiya da sasantawa, cika takardar tambayoyi kuwa a bar wa ma'aikacin INS da masu duba aikinsa.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce a yi ƙidaya duk shekara goma, amma tazarar da aka samu a Nijar ta kasance 11 da 13 da 11, kuma ta biyar ba ta samu a 2022 ba. A jihar da binciken lafiya na 2012 ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya fiye da takwas a matsakaici, alƙaluma suna saurin tsufa, sai a koma ga hasashe. Tsarin mulkin ma ya sauya, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hukumomin soja sun rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, aka bar sarakuna da masu unguwa a matsayinsu.