Rikicin iko a kan fursunoni a cikin Battlestar Galactica

Battlestar Galactica wasan kwaikwayon talabijin ne mai dogon zango, na ƙagaggen labarin kimiyya, wanda Ronald D. Moore ya sabunta daga tsohon shirin da Glen A. Larson ya ƙirƙira a 1978. An fara da gajeren shiri mai kashi biyu a watan Disamba na 2003, daga nan zango huɗu suka biyo baya, daga 2004 zuwa Maris na 2009. A birnin Vancouver na Kanada aka ɗauke shi. Mai kallo a Garwa, Marwa ko Njamena zai fi samunsa da muryoyin Faransanci. Wannan maƙala ta tsaya ne a kan jigo ɗaya da ke ta dawowa a cikin shirin: idan aka kama mutum, wa ke da ikon yanke abin da za a yi da shi, soja ko farar hula, kuma da wace doka.

Tushen labarin

'Yan Adam suna zaune a duniyoyi 12. Mutum-mutumin da suka ƙera da hannunsu, masu suna Cylon, sun yi musu tawaye, suka ɓace shekara 40, sannan suka dawo da makaman nukiliya suka shafe duniyoyin. Mutanen da suka tsira ba su wuce kimanin 50,000 ba, suna gudu cikin ayarin jiragen sararin samaniya, jirgin yaƙi ɗaya tak yana gadinsu, wato Galactica. Wasu daga cikin 'yan Cylon kuwa sun koma kamannin mutum sak, da jini da tsoka.

Shugabanci ya rabu gida biyu. Kwamanda William Adama, wanda Edward James Olmos ya fito a matsayinsa, shi ke riƙe da soja. Laura Roslin, wadda Mary McDonnell ta taka rawarta, ministar ilimi ce, ta 43 a jerin masu gadon kujerar shugaban ƙasa, ta hau mulki domin duk waɗanda ke gabanta sun mutu. Sun yi yarjejeniyar baka: harkar yaƙi ta Adama ce, harkar jama'a ta Roslin ce. Yarjejeniyar ba ta faɗi komai a kan fursuna ba, shi kuwa fursuna yana tsakiyar biyun ne, domin soja ke riƙe da makulli, doka kuma ta gwamnati ce. Daga wannan giɓi ne rikice-rikicen suka fito.

Jirgin Astral Queen

Kashi na uku a zango na ɗaya sunansa "Bastille Day". Toni Graphia ta rubuta, Allan Kroeker ya ba da umarni, an fara nuna shi a Birtaniya a Nuwamba 2004, a Amurka kuma a Janairu 2005. Wanda ya yi makarantar boko ta Faransanci ya san inda sunan ya samo asali: ranar 14 ga Yuli 1789, da mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille suka tarar da fursunoni bakwai kacal a ciki.

Ruwa ne mafarin rigimar. A kashin da ya gabata an dasa bam a tankunan Galactica, kashi 60 cikin 100 na ruwan ya zube a sarari, ga shi kuwa jirage da yawa daga wurinta suke sha. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna tona yashin Mayo Kaliyawo a Marwa cikin watan Afirilu ba ya bukatar a fassara masa fargabar da ke fuskokin 'yan wasan. An gano wani wata a sararin samaniya mai ruwa, sai dai ruwan da ke ƙasa na gishiri ne, ƙanƙarar da ke sama ce mai kyau. Dole a sare ta a narkar da ita cikin sanyi mai kisa, kuma shugaban makanikai Galen Tyrol ya ƙiyasta aikin zai ci mutum 1,000.

A cikin ayarin akwai jirgin jigilar fursunoni, Astral Queen, ɗauke da mutum 1,500 da ake kai wa zaman duba yiwuwar yi musu sassauci lokacin da yaƙi ya ɓarke. Ga masu lissafin soja, ga ma'aikata nan a shirye. Roslin ta ce ba za a yi aikin bauta a ƙarƙashinta ba. Kyaftin Lee Adama, ɗan kwamandan, wanda ake kira Apollo, ya kawo shawarar tsaka-tsaki: wanda ya yarda ya yi aikin don kansa za a riƙa rubuta masa maki, makin ya rage masa zaman kaso. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu. Tsakanin 1921 da 1934 Faransa ta kwashi mutanen Sara daga kudancin Cadi zuwa aikin layin dogo na Kongo, daga Brazzaville zuwa Pointe-Noire, dubbai suka mutu a can, kuma sai a ranar 11 ga Afirilu 1946 aka kafa dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Tambayar da shirin ya ajiye a gaban mai kallo ita ce ko mutumin da ke kulle yana da bakin cewa a'a, in har 'yancinsa aka ɗora a kan sikeli.

An tura mutum huɗu su kai tayin: Lee, da Billy Keikeya mai taimaka wa Roslin, da Anastasia Dualla ta sashen sadarwa, da Cally, matashiyar makanike. Lee ya yi jawabi, aka buɗe ƙofofi, ba wanda ya fito sai mutum ɗaya, Tom Zarek, ya ce sun ƙi. Zarek ɗan duniyar Sagittaron ne, wadda sauran duniyoyin suka daɗe suna ci da guminta. Ya shekara 20 a ɗaure saboda tarwatsa ginin gwamnati. Billy na ganinsa ɗan gwagwarmaya. Dualla, wadda ita ma 'yar Sagittaron ce, ta ce mai kisan kai ne. Marubutan sun yi hikima da suka sa mai tsanarsa ta zama 'yar garinsu. Richard Hatch ne ya fito a Zarek, kuma shi ne ya fito a Apollo a shirin 1978, don haka duk zaman da Zarek ya yi da Lee, tsohon Apollo ne ke fuskantar sabo.

Kurakuran da suka jawo ɓarna a bayyane suke. An shiga jirgi mai fursuna 1,500 da wakilai huɗu, an dogara ga masu gadin da ba wanda ya bincike su, ɗaya daga cikinsu kuwa mutumin Zarek ne, shi ya saki makullan gaba ɗaya. Nan take jirgin ya koma hannun fursunoni, aka yi garkuwa da wakilan. Zarek ya yi magana ta rediyo ga dukan ayarin, ya nemi Roslin ta sauka, a yi zaɓe, domin a cewarsa ba wanda ya zaɓe ta.

Adama da Roslin sun ƙi ciniki da shi. Aka tura sojojin kundumbala cikin ƙananan jirage, suka huda jikin Astral Queen suka shiga, tare da Kara Thrace, wato Starbuck, wadda aka ba aikin harbe Zarek daga nesa. Lee ne ya fara gane cewa abin da Zarek ke so ke nan: a yi zubar da jini a idon jama'a, ya mutu a matsayin gwarzo, gwamnati ta faɗi da kunya. Sai wani abu ya faru da ba ya cikin lissafin kowa. Wani fursuna mai suna Mason ya ja Cally gefe zai ci zarafinta, ta cije masa kunne, ya harbe ta a ciki. Lee ya ƙwace bindiga ya kashe Mason, ya ɗora bakin bindigar a kan Zarek, ya yi masa tayi. Da Starbuck ta saki harsashi, Lee ne ya ture Zarek ya tsira.

Ga sharuɗɗan da aka tsaya a kai: fursunoni za su yi aikin ƙanƙara su sami makinsu, za a bar musu jirgin su tafiyar da shi ba tare da makami ba, abinci da mai kuma daga ayarin za su riƙa zuwa, wato igiyar tana hannun gwamnati har yanzu. Sannan za a yi zaɓe. Adama da Roslin sun fusata, domin ba wanda ya ba kyaftin izinin yin wannan alkawari. Lee ya amsa da doka: Roslin tana ƙarasa wa'adin marigayi Shugaba Adar ne, saura wata bakwai, in kuwa an jingine doka, to shi ba kyaftin ba ne, ita ma ba shugaba ba ce. Wannan amsa ce ta fi komai nauyi a kashin, kuma Lee ne ke da gaskiya, ko da yake hanyar da ya bi ta wuce gona da iri.

Fursunan da aka ce ba mutum ba ne

A kashi na takwas, "Flesh and Bone", an kama wani ɗan Cylon mai suna Leoben. Adama ya so a halaka shi nan take, Roslin ta ce a yi masa tambayoyi. Ya ce ya ɓoye bam na nukiliya a ayarin. Starbuck ta sa aka yi ta dukansa ana dulmiya kansa cikin bokitin ruwa, ba ta sami komai ba. Roslin ta zo ta hana, ta yi masa magana mai laushi, ya amsa cewa babu wani bam. Sai ta sa aka tura shi zauren jirgi mai ƙofa biyu, aka rufe ta ciki, aka buɗe ta waje, sarari ya ɗauke shi. An nuna kashin ne bayan hotunan kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi sun fito a Afirilu 2004. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shugabar farar hula, wadda ta ƙi aikin bauta, ita ce ta kashe fursuna ba shari'a bayan ta lallashe shi.

Galactica da Pegasus

Rikici mafi tsanani ya zo a zango na biyu, a kashin "Pegasus" na Satumba 2005 da kashi biyu na "Resurrection Ship" a Janairu 2006. Wani jirgin yaƙi ya bayyana, wanda ya fi Galactica girma da sabunta, ƙarƙashin Admiral Helena Cain, wadda Michelle Forbes ta fito a matsayinta. Ta fi Adama muƙami, don haka ya miƙa wuya. Roslin kuwa Cain ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Kowane jirgi yana da fursunarsa 'yar Cylon. A Galactica akwai Sharon, tana ɗauke da cikin wani hafsa, Karl Agathon, wanda ake kira Helo, tana kulle amma tana ba da bayanan da suka sha ceton ayarin. A Pegasus akwai Gina, wadda aka yi wa duka, aka hana ta abinci, sojoji suka yi ta yi mata fyaɗe da sanin manyansu, har ta daina magana. A lissafin leƙen asiri ma an yi asara: wadda aka azabtar ba ta furta komai ba sai da masanin kimiyya Gaius Baltar ya kawo mata abinci ya yi mata magana kamar mutum. Mutanen Cadi sun san abin da kurkukun da ido ba ya shiga ke haifarwa. A zamanin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, hukumar 'yan sandan sirrinsa ta DDS ta mayar da wani tsohon wurin ninƙaya a Njamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa, kuma sai ranar 30 ga Mayu 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Cain ta tura mai yi mata tambayoyi, Laftanar Thorne, wurin Sharon. Ya nufi yi mata irin abin da aka yi wa Gina. Helo da Tyrol suka ji labari suka ruga, Tyrol ya wurga Thorne jikin bango, kansa ya bugi ƙusa ya mutu. Cain ta kwashe su zuwa Pegasus, ta yi musu shari'a ita kaɗai, ta yanke musu kisa. Hujjarta ita ce lokacin yaƙi ne kuma ita ce babba. Adama ya ce mutanensa na da haƙƙin a saurare su gaban kotun soja cikakkiya. Da ta ƙi, ya tayar da ƙananan jiragen yaƙinsa, ita ma ta tayar da nata. Jiragen yaƙi biyu da suka rage wa ɗan Adam suka auna juna saboda fursunoni biyu.

Starbuck ce ta katse faɗan, da ta dawo da hotunan wani jirgin Cylon wanda a cikinsa ake sake rayar da matattunsu. Roslin ta kira shugabannin biyu, aka ɗage kisan har a gama farmaki. A asirce kuwa ta gaya wa Adama cewa sai ya kashe Cain, domin an ji yadda ta harbe mataimakinta da ya ƙi bin umarni, da yadda ta kwashe kayan jiragen farar hula ta bar mutanensu a sarari. Adama ya ba Starbuck aikin, Cain ta ba sabon mataimakinta Kanar Fisk irinsa a kan Adama, a ƙarshe kowannensu ya janye. Baltar ne ya saki Gina, ita kuma ta harbe Cain. Roslin ta ɗaga Adama zuwa Admiral. Daga baya Gina ta tayar da bam na nukiliya a jirgin Cloud Nine, kuma alamar wannan fashewa ce ta nuna wa Cylon duniyar New Caprica, inda mutane suka sauka suka zauna, har suka zo suka mamaye ta.

Zarek da makulli a hannu

Zarek bai tsaya a Astral Queen ba. Ya zama wakilin Sagittaron a majalisar mutum 12, ya zama mataimakin shugaba bayan Baltar ya ci zaɓen da Lee ya yi alkawari. A kashin "Collaborators" na zango na uku, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa bayan an kuɓuta daga mamayar Cylon, ya sa hannu aka kafa kwamitin sirri na mutum shida da ke yanke wa waɗanda suka yi wa Cylon aiki hukunci ba lauya ba ɗaukaka ƙara, ana jefa su ta zaure. Roslin ta dawo mulki ta yi wa kowa afuwa.

A zango na huɗu Adama ya sake kulle shi. Laftanar Felix Gaeta, wanda kwamitin shidan ya kusa kashewa, shi ya fito da shi suka yi juyin mulki a Galactica. Zarek ya sa aka harbe 'yan majalisar da suka ƙi goya masa baya, aka yi wa Adama shari'ar gaggawa aka yanke masa kisa. Juyin ya rushe kafin a zartar. A ƙarshen kashin "Blood on the Scales", wanda aka nuna ranar 6 ga Fabrairu 2009, an ɗaure Zarek da Gaeta a kan kujeru gaban masu harbi, Adama da kansa ya ba da umarni, kuma shirin bai nuna wata shari'a da aka yi musu ba.