Don Allah ku daina feɗe maɗacin bakin titi

Jama'a zan sake maimaita maganar sassaƙen maɗaci, domin abin ya wuce gona da iri. Duk sanda muka fita duba itatuwan cikin gari sai mun tarar da wanda aka feɗe tun daga gindi har iya inda hannu ya kai, wasu har tsani suke kawowa, jikinsa ya yi jawur ƙaro na tsiyaya, bayan damina ɗaya ko biyu gara ta shige shi rassan sama sun bushe, sannan a zo ana neman mu wai mu sare kar ya faɗo wa mutane. To wa ya kashe shi?

Ba na musu da ku kan magani, iyayenmu sun jiƙa maɗaci sun sha don ciwon ciki da zazzaɓi. Amma ɗan kaɗan suke ɗiba a gefe guda su bar sauran. Yanzu buhu ake cikawa a kai kasuwa, haba! Abincin bishiya ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa, in ka zagaye shi da gatari ka yanke mata maƙogwaro kenan.

Manyan maɗacin da ke tsoffin titunan Kano da Kaduna da Yamai, da yawansu tun zamanin Turawa aka dasa su, itace ne da yake kaiwa mita 30 amma sai ya shafe shekaru masu yawa. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mai shayi da mai faci da 'yan adaidaita da yara masu dawowa daga makaranta duk a ƙarƙashinsa suke fakewa. Ina tausayin mai neman na abinci wallahi, amma wannan inuwar ta kowa ce. Kuma ku daina cewa ai ya riga ya mutu don kun ga ya zubar da ganye da rani, hutawa yake, sabon ganye na tafe.

In ya zama dole: ɗan siriri a gefe ɗaya, kar a zagaye, kar a koma wa wanda raunin sa bai rufe ba. In an rage rassa ku ɗebi ɓawon can. Masu sana'ar magani ku karɓi dashe a ofishin gandun daji ku shuka naku. Masu unguwanni da masu shaguna, in kun ga mutum da gatari da buhu a gindin maɗaci ku tsayar da shi ku yi masa magana.