Tuƙin keke don marayu: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da muka sa ranar tuƙa keke daga Sakkwato zuwa Argungu don tara wa wani gidan marayu taimako, tambayoyi iri ɗaya ake ta yi mini, a waya da bakin masallaci. Ga amsoshin. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Nisan ya kai nawa?

Kusan kilomita 100. A rana ɗaya.

Sai na sayi sabon keke mai giya?

A'a. Tsohon Phoenix ɗin mahaifinka ma zai kai ka, in birki na kamawa kuma kaca ba ta faɗuwa. Ka kai wa mai gyara ya duba taya da birki, ya sa wa kaca mai. Kuɗin sabon keken ka zuba a asusun marayun.

Saura sati biyu, zan iya farawa yanzu?

Ba za ka iya ba. Ina kake tun da? Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da bai saba ba yana bukatar sati goma zuwa goma sha biyu: fita uku a sati, biyu gajeru, ɗaya mai tsawo, kana ƙara nisan kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma duk sati. In ka kai matsayin da za ka je Boɗinga ka dawo ba ka kwanta jinya ba, ka kama hanya. Kafin ranar ka taɓa yin kilomita 70 sau ɗaya, sati na ƙarshe kuma ka sassauta. Mai sati biyu ya zo ya shiga motar raba ruwa, nan ma akwai lada.

Gwiwata na ciwo, in haƙura?

Sirdinka ya yi ƙasa, kusan kullum shi ne. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ba ta miƙe ba, ɗaga sirdin. Na ga wani matashi a bakin filin wasa na Giginya yana tuƙi gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, yana kuma ce mini wai sanyin ƙashi ya gada. Muka ɗaga sirdi da ɗan yatsa uku, gadon ya ƙare. In ka gyara ciwon bai tafi ba, ka ga likita.

Azumi zai faɗo a tsakiyar atisaye. Yaya zan yi?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsarta ta danganta da jikinka, da shekarunka, da kuma lokacin da azumin ya zo. Azumin hunturu daban, na bazara daban. Kowa ya san daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. Abin da ni nake yi, ba na ce dole kowa ya bi ba, shi ne in daina neman ƙarin nisa gaba ɗaya, in riƙe abin da na samu kawai.

Lokuta uku mutane ke gwadawa. Akwai bayan sallar asuba, iska da sanyi, cikinka da sahur, amma duk gumin da ka zubar ba ka da halin mayar da shi sai magariba, don haka kada ya wuce rabin awa, a hankali. Akwai gab da shan ruwa, minti talatin ko arba'in a kusa da gida. Wasu na jin daɗinsa don ruwa na jiransu, sai dai a lokacin jiki ya fi bushewa, kuma 'yan kabu-kabu da masu mota kowa na sauri ya isa gida, hankali ba a kan hanya yake ba. Sai bayan asham, wanda ni na fi so, don ka ci ka sha. Shi ma da sharaɗi: fitila gaba da baya, riga mai haske, cikin gari inda akwai jama'a, kuma ba kai kaɗai ba. Kada wanda ya fita bayan gari da dare da sunan atisaye, kun san halin da ake ciki.

Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko matsalar ƙoda, kada ya ɗauki maganata, ya tambayi likitansa. Kuma in jiri ya kama ka, ko kai ya fara sarawa, ko ka ji tunaninka na rikicewa, sauka ka nemi inuwa. Hukuncin karya azumi saboda lalura kuwa na malamai ne, ni mai keke ne. Hankalinku ya kwanta: wata guda na sassauci ba ya rushe aikin wata biyu, bayan sallah da sati biyu ƙafa za ta dawo.

Hular kwano dole ce?

Dole ce. Ka taɓa jin iskar tirelar siminti a hanyar Kalambaina ta ture ka gefe? Babu hula, babu tafiya.

Me zan ci a hanya?

Dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli kaɗan. Ka ci kafin yunwa ta zo, ka sha kafin ƙishi ya kama ka. A gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin na asibiti: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fura da nono ka bar ta sai mun isa, in ba haka ba barci za ka yi a gindin dogon yaro.

In taya ta yi faci fa?

Ka koyi yin faci da hannunka tun yanzu, ka riƙe famfo. Ba kowane ƙauye ke da mai faci zaune yana jiranka ba.

Baba, na haura hamsin, zan iya?

Za ka iya, Alhaji, in likita ya auna ka ya ce babu komai. Yaran nan masu tashi da gudu tun daga Gidan Man Ada su ne nake jin tsoro, don kafin rana ta take, su za mu loda a mota.