Saitin tanadin wuta da tsawon rayuwar faifan ajiya na laftof

Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, shi ne sashen kwamfuta da ke riƙe da takardu, hotuna da manhajoji ko da an kashe ta. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956. Na laftof ƙarami ne, mai inci 2.5. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, sai wata allura da ke shawagi a samansa tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa shi ba. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba.

Don batir ya daɗe, ana rage wa faifan aiki ta hanya biyu. Ta farko ita ce tsayar da juyawar farantin ɗungurungum idan an jima ba a nemi komai ba. A Windows wannan zaɓi yana cikin saitin wuta, kuma yawanci yakan zo a kan minti 10 idan ana kan batir, minti 20 idan an jona caja. Illarsa kaɗan ce, don sau nawa faifai zai tsaya a yini?

Hanya ta biyu ita ce abin lura. Faifan da kansa yakan janye allurar ya ajiye ta a gefe bayan 'yan daƙiƙoƙi na zaman banza, abin da ake kira fakin. Da an buƙaci wani abu sai ta dawo. Wannan ne ɗan sautin "ƙyas" da ake ji jefi-jefi idan ɗaki ya yi tsit. Kowace fita da dawowa tana ɗan goge wurin ajiyar allurar, shi ya sa masana'antu ke ƙayyade adadin da faifai zai jure, wanda ga yawancin na laftof sau 600,000 ne. Adadin kamar ba zai ƙare ba, amma a yi lissafi: mai shagon tura fina-finai a kasuwar Gujungu ko Wudil da ke barin kwamfuta a kunne awa 10 kullum, in faifansa na fakin sau ɗaya a minti, sau 600 ke nan a rana, cikin kwana 1,000 ya cinye adadin, shekara uku ma ba ta cika ba. Cika adadin ba ya nufin faifan zai mutu ran nan. Daga nan dai masana'anta ba ta lamunce masa ba. Kuma laftof ɗin hannu da ake saye a Kano ta riga ta ci wani kaso kafin ta iso.

Maganar ta yi ƙarfi a 2007, lokacin da masu amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows), suka ga lambar fakin ɗinsu na hauhawa fiye da kima. Tushenta wani tsarin tanadin wuta ne na cikin faifai mai suna APM, da ke da lamba daga 1 zuwa 255. Daga 1 zuwa 127 an yarje wa faifai ya tsayar da juyawa. Daga 128 zuwa 254 ba ya tsayawa, kuma yawan lambar ke rage tsananin tanadin. A Linux ana sauya lambar da manhajar hdparm, a Windows da manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda kuma ke nuna bayanan lafiyar faifai na SMART. Layi mai lamba 193 a SMART (CrystalDiskInfo na rubuta shi C1) shi ne ƙidayar fakin.

Sai dai kuskure ne a ɗauka fakin abokin gaba ne. Allurar da ke gefe ba ta karo da faranti idan kwamfuta ta girgiza, kuma ga malamin da ke ɗaukar laftof a jaka bisa babur a hanyar burji, wannan kariya ta fi komai. Faifan da ba ya hutawa kuma ya fi ɗaukar zafi, alhali yawancinsu an yi su ne don aiki ƙasa da digiri 55 zuwa 60, ga shi a watan Afrilu zafin gari a Kano da Jigawa kan haura 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka. Abin da ya dace shi ne a bambanta: kwamfutar da ke zaune a tebur a sassauta mata tanadi, wadda ake yawo da ita a bar mata shi, a kuma jira ta gama kashewa ko ta yi barci kafin a ɗaga ta.

Wanda ya fi duka cutarwa a karkara shi ne mataccen batir. Laftof da ke aiki kai tsaye da janareta ko sola, da wuta ta ɗauke sai allura ta koma gefe da ƙarfi cikin gaggawa, abin da ya fi fakin na yau da kullum lahani nesa ba kusa ba, ga asarar abin da ake tsakar rubutawa. SMART na ƙirga wannan a layi mai lamba 192 (C0).

Ma'ajiyar SSD, wani nau'in ma'ajiya da ake sakawa a madadin had-dis, ba ta da faranti ko allura, don haka batun fakin bai shafe ta ba. Yawan rubutu ne ke tsufar da ita.