Rikicin fassarar adireshi tsakanin rauta biyu a wifin gida

Rikicin fassarar adireshi matsala ce da ke tasowa idan aka haɗa rauta (akwatin da ke raba intanet ta wifi) biyu a gida ɗaya, kowace tana raba adireshi tana kuma fassara shi, kamar ita kaɗai ce ƙofar gidan zuwa intanet. Masu gyaran na'urori a Damagaram, waɗanda yawancinsu da Faransanci suka koyi aikin, suna kiranta double NAT.

Asalin abin

Kowace na'ura da ke hawa intanet tana buƙatar adireshi. Tsarin adireshin intanet da ake kira IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3, kuma tun farkon shekarun 1990 aka hango ba za su isa duniya ba. A 1994 aka fito da dabarar NAT, wato fassarar adireshi: gida duka ya fita waje da adireshi ɗaya, rauta ta riƙa tuna wace waya ce ta aika wane saƙo, don ta mayar mata da amsarta. A 1996 aka tabbatar da rukunoni uku na adireshin cikin gida, waɗanda ba sa yawo a intanet: masu farawa da 10, da na 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Aikin rauta a nan kamar na mai gadin zaure ne. Wanda ya aiko daga waje bai san ɗakuna ba, zaure kawai ya sani.

Yadda ake faɗawa ciki

Gidajen ƙasa na unguwannin Birni da Zango a Damagaram suna da kaurin bango, kuma gida ɗaya yakan ƙunshi sassa da yawa. Akwatin 4G na Airtel, Moov ko Zamani da aka ajiye kusa da taga a ɗakin maigida ba ya kai rezo sashen amarya, balle shagon da ke bakin ƙofa. Sai a sayo rauta ta biyu, TP-Link ko Tenda, a ja waya, a cusa ta a ramin WAN, wato ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa. Shi ke nan an yi zaure a bayan zaure.

Sau da yawa ba wanda zai lura. WhatsApp na tafiya, YouTube na buɗewa, domin duk saƙon da ya fara daga cikin gida yana samun hanyar dawowa. Abin da ke cijewa shi ne duk wanda ya fara daga ɗaya ɓangaren. Kwamfutar da ke kan rauta ta farko ba ta ganin firinta da ke kan ta biyu. Waya ba ta samun talabijin da za ta tura masa hoto. Matasa masu buga ƙwallo a PlayStation suna kasa haɗuwa da wasu abokan wasa, kyamarar tsaro kuma ta ƙi buɗewa daga nesa.

Akwai nau'i mafi muni. Idan rautocin biyu sun zo daga kamfani da rukuni iri ɗaya, misali dukansu 192.168.1.1, ta biyu ba za ta iya bambance ciki da waje ba. Alamar wifi cike take, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. A nan ne mutane ke ɗora laifi kan kamfanin waya, wasu har su sake sayen forfe, alhali ciwon yana cikin ɗaki.

Ganewa

A shiga shafin saitin rauta ta biyu a duba adireshin WAN. Idan ya fara da 192.168, to daga wata rautar ta karɓe shi, ba daga intanet ba. A kwamfuta mai Windows, umarnin tracert yana nuna haka: matakai biyu na farko duka adireshin cikin gida ne.

Gyara

Ƙa'idar ita ce akwati ɗaya ya riƙe fassara da rabon adireshi. Hanyar da ta fi dacewa da gidajen da ke kan 4G ita ce a sauke rauta ta biyu ta zama mai watsa wifi kawai. Sababbin rautoci suna da zaɓin da aka rubuta point d'accès, dannawa ɗaya ya wadatar. A tsofaffi kuwa da hannu ake yi. A kashe DHCP, wato sashen da ke raba adireshi. A ba ta adireshi daga rukunin ta farko, amma wanda ba ya cikin waɗanda ake rabawa: idan akwatin Huawei ne mai 192.168.8.1, sai ta zama 192.168.8.2. Sannan a cire waya daga WAN a mayar da ita ramin LAN, wato ramin na'urorin cikin gida. Wanda ya sauya rami ya manta da DHCP ya ƙara wa kansa aiki, don yanzu na'urori biyu ne ke rabon adireshi a fili ɗaya, wayar hannu ta yi aiki da safe ta ƙi da yamma. Kada tsawon wayar ya wuce mita 100, kuma a mitar 2.4 GHz a raba musu tashoshi cikin 1, 6 da 11.

Idan ta biyun ce ta fi inganci, sai a juya: a sa ta farko a mode pont, ta bar komai ya wuce. Ba kowane akwatin 4G ke da wannan ba. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, yana da shi a manhajarsa. In duka sun gagara, aƙalla a sauya rukunin ta biyu zuwa 192.168.50.1, a kuma sa adireshinta na WAN a DMZ na ta farko, wato saitin da ke tura mata duk saƙon da ya zo daga waje. Faci ne, amma yana riƙewa.

Zauren da ba na gida ba

Kamfanonin waya da Starlink su ma suna haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya. Ana kiran wannan CGNAT, kuma a 2012 aka ware masa rukunin 100.64 zuwa 100.127. Idan akwatin farko ya nuna irin wannan adireshi a WAN, ko wanda ya fara da 10, ba wani saiti a gida da zai buɗe ƙofa daga waje. Mai son kallon kyamarar shagonsa na kasuwar Dole ta Damagaram yana Yamai sai ya bi ta manhajar kamfanin kyamarar, ko ya yi amfani da VPN, ko ya nemi kamfanin intanet ya ba shi adireshin waje nasa na kansa, wanda galibi sai an ƙara kuɗi.