Mene ne gwajin 'yar tsana?

Gwajin 'yar tsana hanya ce da masana halayyar ɗan Adam ke bi don gano yadda ƙananan yara ke kallon launin fata. Kenneth Clark da matarsa Mamie, baƙaƙen fata 'yan Amurka, su suka fito da shi a shekarun 1940.

Ana ajiye wa yaro 'yan tsana huɗu iri ɗaya, launi kaɗai ya bambanta su: biyu farare masu gashi ruwan ɗorawa, biyu masu duhun fata da baƙin gashi. Sai a yi masa buƙatu takwas bi da bi. Ba ni wadda kake son wasa da ita, ba ni ta kirki, ba ni mummunar, har a kai ga ta ƙarshe: ba ni wadda ta yi kama da kai.

A sakamakon da suka buga a 1947, sun gwada yara baƙaƙe 253 'yan shekara 3 zuwa 7. Kusan kashi biyu cikin uku sun zaɓi farar don wasa, fiye da rabi kuma suka ce mai duhun ce mummuna. Wasu sun fashe da kuka a tambayar ƙarshe. An fassara sakamakon da cewa yaran sun tsani kansu. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata.

Sai dai gwajin yana da rauni. Yana tilasta wa yaro zaɓi, babu damar ya ce duka yana so. Jerin tambayoyin ma tarko ne: wanda ya riga ya ce baƙar ce mummuna, da wuya ya nuna ta a matsayin kamanninsa. Abin mamaki, yaran arewacin ƙasar da ke makarantun da ke haɗa baƙaƙe da farare sun fi na kudu karkata ga farar, alhali a kudun wariya ta fi tsanani.

Da wasu masu bincike, Hraba da Grant, suka maimaita shi a jihar Nebraska, rahotonsu na 1970 ya nuna mafi yawan yara baƙaƙe sun zaɓi baƙar. A tsakanin nan an yi gwagwarmayar neman 'yanci da alfahari da baƙar fata. Don haka cewa yaran farko sun tsani kansu wuce gona da iri ne. Gwajin ya fi auna abin da yaro ke ji da gani a gida, titi da makaranta game da wane launi ake girmamawa.